Ragar injin girbi ta ƙi motsi: a yanke ta ko a jiƙa ta?

Tambayar farko ta wannan makon daga wani manomi ce a Goronyo. Ga abin da ya rubuto:

“Malam, barka da aiki. Mu huɗu munka haɗa kuɗi munka sawo tsohon injin girbi, John Deere, wanda ya shekara biyu ajiye a waje. Inji na tashi lafiya lau, amma hannun da ake ɗaga ragar sussuka da shi ya ƙi motsi ko kaɗan. Mun zura mishi bututu mun danna mu biyu, a banza. Bakanike ya ce a yanke da wuta a sawo sabuwar raga daga Kano. Ga alkama ta kusa isa yanka. Mu saya, ko da wata dabara?”

Alhaji, kada ku sayi komai tukuna, kuma don girman Allah ku ajiye bututun nan. An yi hannun ne daidai ƙarfin mutum ɗaya. Idan ƙarti biyu suka hau shi, ko dai sandunan da ke bayansa su lanƙwashe, ko ƙusar da ta riƙe shi ta karye, a tashi daga ciwo ɗaya a koma biyu.

Bari in yi wa sauran masu karatu bayani. A cikin injin akwai ganga mai juyawa, ƙarƙashinta kuma akwai ragar ƙarfe mai lanƙwasa. Tsakaninsu ake murje zangarniya, ƙwaya ta zube ta ramukan ragar. Tazarar da ke tsakanin su biyun ita ce sirrin aikin. Alkama da shinkafa suna son ta a matse, masara kuwa sai an buɗe ta milimita 25 ko fiye. In ta matse da yawa ƙwaya ta farfashe, in ta buɗe da yawa hatsi ya bi kara ya fita ta baya. Don haka injin da ragarsa ba ta motsi, rabin inji ne.

Ita kanta ragar da wuya a ce ita ce mai laifi. Rataye take a jikin wasu dogayen ƙusoshi masu noti, su kuma suna haɗe da wata sandar ƙarfe da ta ratsa injin daga wannan gefe zuwa wancan, tana juyawa cikin bushi. A nan tsatsa take zama. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayi da buntun shinkafa sukan cushe tsakanin bakin ragar da bangon injin, ruwan damina biyu ya sauka a kai, su daskare kamar tubali. Ɓeraye ma sukan ƙara nasu.

Shara ce farkon aiki. A kashe inji, a zare makulli, a cire kan batir. Idan za a shiga ƙarƙashin bakin yankan, a sa masa ƙarfen tokarensa, kada a yarda da haidurolik kaɗai. A buɗe akwatin tara duwatsu da ke gaban gangar da duk murafun gefe, a ƙwaƙule dattin da siririn ƙarfe, sannan a ɗauko injin iska na mai faci a hure ko'ina. Wani lokaci daga nan kawai hannun yake fara lilo.

In bai yi ba, sai a nemo ainihin inda ya cije. A tallafe ragar da jak da guntun katako, domin tana da nauyi, in ta faɗo ba ta san yatsa ba. A cire fil ɗin haɗi ɗaya bayan ɗaya, ana gwada kowane ɓangare shi kaɗai: hannun, sandar tsakiya, ƙusar dama, ƙusar hagu. Kafin a taɓa kowane noti a ƙirga zaren da ya fito bayansa a rubuta, ko a ɗauki hoto da waya, don a san inda za a mayar da shi.

Inda aka samu ya cije, a goge da burushin waya, a zuba man sassauta tsatsa safe da yamma, kwana uku ko huɗu. Duk zubawa a ɗan ƙwanƙwasa kan sandar da guduma, amma a sa guntun tagulla ko katako mai tauri a tsakani, kada kan ya baje ya ƙi fita daga raminsa. Girgizar ce take shigar da man ciki. Ranar da ya fara motsi ko da kaurin farce ne, kada a yi zumuɗi. A kai gaba, a dawo baya, a ƙara mai, har ruwan tsatsa ja ya daina fitowa.

Wuta tana da amfani, amma ta gashi, ba ta yanka ba. Mai walda ya gasa gidan da sandar take ciki, shi ne zai buɗe ya saki. Sai dai tsohon injin girbi cike yake da busasshen ƙaiƙayi da tsohon mai. A wanke wurin, a kare tiyon gas da wayoyi da boris da falle na kwano, a ajiye abin kashe gobara da bokitin ruwa, kuma wani ya zauna gadin injin awa guda bayan an gama, don wutar ƙaiƙayi a ɓoye take ci.

Yaushe ne bakanikenku zai yi gaskiya? Idan kun sauke ragar kuka ga kaifin sandunanta ya cinye sun zama mulmulallu, ko kun ɗora miƙaƙƙen ƙarfe kun ga tsakiyarta ta lotsa, ko wayoyinta da yawa sun zube. To, nan sayayya ta kama. Ku tafi da tsohuwar da lambar injin, ko Ƙofar Ruwa za ku a Kano ko Panteka a Kaduna, ku gwada faɗi da ramukan ƙusa a gabanku. In ƙusa ce kawai ta lanƙwashe, masu injin sassaƙa ƙarfe za su fitar muku da irinta. Bayan an mayar, a zaɓi sanda ɗaya a jikin gangar a sa mata alli, a auna tazararta da ragar a dama da hagu har su zo ɗaya, gaba kuma ya fi baya buɗewa. Ku fara yau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani daga Wurno ya tambaya ko lallai sai ya sayi WD-40, man fesawa na sassauta tsatsa, ko man birki da makanikai suke zubawa ya isa.

Malam, WD-40 yana aiki a kan tsatsa mai sauƙi, amma yana saurin bushewa a zafin Sakkwato, gwangwani ɗaya ba zai kai ka ko'ina ba. Man birki yana shiga, sai dai yana cin fenti, yana kuma jan danshi. Ni na fi son man giyar mota mai otomatik, jan nan, a haɗa shi da kananzir ko gas rabi da rabi a gorar roba mai tsinin baki. Ga araha, ga shi yana daɗewa a wurin. A goge shi tas kafin a kawo wuta kusa.

Shi kuma ɗan'uwanmu na Kware da zai je duba wani injin na hannu a makon gobe: kafin ka saurari ƙarar inji, kama hannun ragar ka kai shi ƙarshe ka dawo da shi, wani yana leƙawa ta murfin gefe ya ga ko ɓangarorin biyu suna tashi tare. Idan ya ƙi, ba dalilin fasa ciniki ba ne, amma ka rage kuɗin aikin mako guda, ka kuma leƙa sauran wuraren giris, don da wuya a ce wannan kaɗai mai injin ya manta da shi.