Hukuncin Tanadin Kayan Agaji Kafin Aukuwar Bala'i

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙungiyarmu tana so ta ajiye hatsi, magunguna, barguna da tantuna kusa da wuraren da ambaliya ta saba afka wa, tun kafin ruwa ya zo. Wasu sun ce rashin tawakkali ne, wasu kuma sun ce ɓoye abinci ne. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wannan aiki halal ne, kuma inda aka saba ganin ruwa ya karya gada ya datse hanya har mota ta kasa isa ga mabukata, yana zama farilla ta kifaya (wadda idan wasu suka yi ta, ta sauka daga kan sauran) a kan hukuma da masu hali, domin kare rai wajibi ne, abin da wajibi ba ya cika sai da shi kuwa shi ma wajibi ne.

A Suratu Yusuf, aya ta 47, Annabi Yusuf (AS) ya umarci mutanen Masar su bar amfanin shekara 7 a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari masu zuwa. Ku lura, har yadda za a adana hatsin kada ya lalace ya koya musu. Kuma Buhari ya ruwaito daga Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW), shugaban masu tawakkali, yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda.

Ɓoye abinci da hadisin Muslim ya kira mai yin sa mai laifi kuwa, shi ne a saye kaya lokacin ƙunci a kulle har farashi ya tashi. Ku kuwa kyauta za ku raba, sai dai ku saya lokacin wadata don kada ku ƙuntata wa kasuwa.

Inda nake ji muku tsoro shi ne amana. Maganin da wa'adinsa ya ƙare a ɗakin ajiya, ko buhun da danshi da ƙwari suka ci, dukiyar mutane ce aka tozarta, saboda haka wajibi ne a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a kuma raba wanda ya kusa lalacewa ga matalauta a maye gurbinsa.

Ku yi tanadin da kuɗin sadaka ko waƙafi. Zakkar da ta riga ta wajaba ba ya halatta a tsare ta ana jiran bala'in gobe alhali masu haƙƙinta suna nan a yau. Allah ne Mafi sani.