Tambaya da Amsa: Jirgi maras matuƙi zai iya tsare mana shinkafa daga gobarar daji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a fadamar Argungu. Da wuya shekara ta zagayo wutar daji ba ta cinye wa wani daga cikinmu shinkafar da ya tara a masussuka ba. Wani ɗanmu da ke karatu a Birnin Kebbi ya ce akwai ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamarar da ke ganin zafi, tana gano wuta tun ba ta girma ba. Da gaske ne? Mu haɗa kuɗi mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Yaron bai yi ƙarya ba, amma ku dakata da haɗa kuɗin tukuna.

Ita wannan kyamara ba ruwanta da haske. Duk wani abu a doron ƙasa, mutum ne ko dabba ko dutse, yana fitar da zafin da ido ba ya gani, shi take ɗauka ta mayar hoto, abin da ya fi zafi ya fito da haske a allon mai sarrafa jirgin daga ƙasa. Saboda haka duhun dare ba ya hana ta aiki, kuma tana ratsa hayaƙi fiye da kyamarar da muka saba da ita. Amma zafin bayan abu kawai take gani. Idan wuta na ci a can cikin tsibin bambaro, ba za ta nuna ba sai zafin ya iso sama. Haka ganyen bishiya mai duhuwa kan ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa, ko da yake a fili irin na fadamarku wannan ba matsala ba ce sosai, sai dai can kudu wajen Zuru da Yawuri inda itatuwa suka fi yawa.

Babban cikas ɗin shi ne faɗin wurin da jirgin zai iya dubawa. Mu ɗauki jirgin Mavic 3T na kamfanin DJI, wanda ake yawan amfani da shi a irin wannan aiki. Kamfanin ya ce yana kai minti 45 a sama, amma da iskar hunturu, da kuma batirin da dole a rage don dawowa, ku ɗauka rabin awa ne. Idan yana tafiya mita 100 daga ƙasa, kyamarar na kallon ƙasa tsaye, faɗin abin da take ɗauka bai wuce mita 90 ba sosai. A lissafi, batir ɗaya zai zagaya hekta 100 da 'yan kai. Sai a sauko, a canza batir, a nemi inda za a yi caji. Wutar da ta tashi a gamba busasshiya da iska a bayanta ba ta jiran a canza batir. Wanda ya ce muku jirgin zai riƙa gadin dajinku dare da rana, yana son ya sayar muku da kaya ne.

Sa'an nan ga rana. A Maris da Afrilu zafi a Kebbi kan haura digiri 40, ƙasa da duwatsu kuma su fi haka nesa ba kusa ba. Da azahar allon sai ya cika da haske ko'ina, ƙaramin garwashi ya ɓace a ciki. A fadama kuma ga injinan ban ruwa da suka wuni suna aiki, ga murhun masu gadi, ga garken shanu kwance, duk za su fito kamar wuta ga wanda bai ƙware ba. Lokacin da kyamarar ta fi faɗin gaskiya shi ne daga tsakar dare zuwa asuba, bayan ƙasa ta huce.

Inda na ga amfaninsa ƙarara shi ne bayan an kashe wuta, ko bayan an ƙona gona da gangan. Jama'a su buge wuta da ɗanyen ganye, su ga toka ta kwanta, kowa ya koma gida. Alhali kututturen bishiya na ci ta ciki, busasshen kashin shanu ma yakan daɗe yana ci ba hayaƙin kirki. Da hantsi iska ta taso, ta kwashi tartsatsi ta zuba a kan shinkafar maƙwabci, a ce wata sabuwar wuta ce. Irin waɗannan wurare kyamarar kan nuna su ɗaya bayan ɗaya, mutum ya bi da bokitin ruwa da shebur. Nan kam ba abin da ya kai ta.

Akwai kuma doka, kada a yi wasa da ita. Tashi da irin wannan jirgi a Najeriya sai da izinin hukumar NCAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, da kuma amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A tuna cewa a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin maƙwabciyarmu Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. A irin wannan yanayi, jirgin da ba a san mai shi ba yana shawagi da daddare a kan ƙauye zai iya jawo wa ƙungiyarku tashin hankalin da ya fi gobara. Ko da takarda a hannu, a sanar da hakimi da jami'an tsaron yankin kafin a tashi, kuma a nisanci filin jirgin sama na Ambursa.

Kafin ku kashe miliyoyin naira, ku sa yaron nan ya buɗe shafin FIRMS na hukumar NASA ta Amurka a wayarsa. Kyauta ne. Taurarin ɗan adam ne ke nuna inda wuta ke ci, cikin kamar awa uku da wucewarsu. Kowane ɗigon wuta da na'urar VIIRS ta jikin taurarin ke nunawa a taswirar shafin yana wakiltar fili mai faɗin mita 375, don haka ba zai ga garwashi a masussuka ba, amma idan aka duba na shekarun baya za ku ga ta wace fuska wuta ta saba zuwar muku da kuma a wane wata. Ku kun san masu tayar da ita: masu farautar gafiya da zomo, masu ɗibar zuma, masu gawayi, makiyayin da ke neman sabon tsiro, da manomin da ya cinna wa bambaronsa wuta ya tafi sallah.

Da ni ne a kujerarku, kuɗin farko zai tafi wajen share ciyawa ƙal kewaye da kowace masussuka kafin a fara tara shinkafa, da ajiye injin ban ruwa ɗaya da tiyo a shirye, da biyan matasa masu babur da waya su riƙa zagaye a makonnin girbi. Idan da saura, ku ɗauko hayar mai jirgin da ke da izini, na 'yan kwanaki. Kafin ku biya shi, ku ɓoye kaskon garwashi a gefen wata gona da asuba ba tare da ya san wurin ba, ku ce ya nemo shi daga sama, ku kuma duba agogo.