Ruwan wanke gilashi ya daskare a Winnipeg

Tambaya: Malam, ina Winnipeg, Kanada. Jiya sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, na danna ruwan wanke gilashin mota, ko ɗigo bai fito ba. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, ina zargin ruwan famfo kika zuba, ya zama ƙanƙara. Daina dannawa, kada ki ƙona ɗan injin da ke turo ruwan. Kai motar gareji mai ɗumi ta kwana. Da safe ki fesar da tsohon ruwan kaf, ki cika da na hunturu, mai -40 a jikin jarka. Sinadarin metanol ke hana shi daskarewa. Tafasasshen ruwa kuwa, kul! Na taɓa watsawa, gilashina ya tsage nan take.