Tambayoyinku: Ɗigon Ƙarfen da Ke Dama Ruwa

Tambaya: Malam, ƙarfen nan da nake gani a bidiyo yana narkewa a tafin hannu, zaiba ce?

Amsa: A'a, galiyom ne. Yana narkewa a kusan digiri 30, ɗumin jikinka ya ishe shi. Zaiba guba ce, kada ma ka kusance ta.

Tambaya: Na ga ɗigon ƙarfe yana karkarwa cikin wata siririyar hanya, ruwa masu launi biyu suna gaurayewa, ba inji ba farfela. Abokaina sun ce haɗin kwamfuta ne.

Amsa: Ɗan'uwa, abokan nan naka suna ba ni ciwon kai. Yanzu duk abin da ya fi ƙarfin fahimtar mutum sai ya ce haɗin kwamfuta ne, ya wuce, a bar aikin da masana suka yi shekaru a kai.

Ga matsalar da ake son magancewa. Akwai na'urorin gwaji da girmansu bai kai katin banki ba, hanyoyin ruwan cikinsu kamar silin gashi. A irin wannan matsi ruwa ba ya hautsinewa. Zuba ja ta dama, shuɗi ta hagu, za su tafi kafaɗa da kafaɗa, iyaka a tsakaninsu tamkar an ja ta da rula. Tun 1883 masanin kimiyya Osborne Reynolds ya bayyana wannan salon gudu. To ta yaya samfuri zai haɗu da sinadarin gwaji, alhali babu wurin cokali?

Nan ɗigon ya shigo. Galinstan ne, haɗin galiyom da indiyom da kuza, wanda yake ruwa a yanayin ɗaki. Ana ajiye shi a wani ɗan gurbi, cikin ruwa mai ɗaukar lantarki, sau da yawa mai soda irin ta haɗa sabulu, domin soda tana cinye 'yar fatar tsatsar da ke rufe shi. Ƙarfin da ke dunƙule ɗigon ya ninka na ruwa kusan sau 7. Da an saki lantarki kaɗan, sai wannan ƙarfi ya ragu a gefe guda ya ƙaru a ɗaya. Saman ɗigon ya malala daga inda ya saki zuwa inda ya ɗame, yana jan ruwan da ke kewaye da shi. In lantarkin mai juya akala ne, ɗigon ya dinga kai da komo, ruwan yana murɗewa yana ninkuwa har iyakar ta ɓace. Masu bincike a Jami'ar RMIT da ke Melbon, Ostireliya, sun nuna hakan a 2014, har famfo suka yi da shi.

Abin da ke burge ni, babu haƙori ko ƙarfen juyi da zai lalace. Cikas ɗinsa kuma na gaske ne: ruwan soda ba ya shiri da ƙwayoyin halitta masu rai, shi ya sa ba kowane gwaji zai yiwu da shi ba.

Ka koya wa abokanka ɗabi'ata: ɗauki hoton bidiyon, nemi asalinsa a intanet, sannan ka buɗe baki.

Tambaya: Kwamfutata tana zafi. In shafa mata wannan ƙarfen a kan firosesa, tunda PlayStation 5 ma da shi take aiki?

Amsa: Kul! Sony, mai ƙera PlayStation, ta yi wa nata shinge tun daga masana'anta, kai kuwa sukundireba kawai gare ka. Galiyom yana cin alminiyom, kuma ɗigo ɗaya a kan allon lantarkin da ke cikin kwamfutar zai haɗa wayoyi ya ƙone shi. Share ƙurar fankar, ka sa man sanyaya firosesa na yau da kullum.