Eriya Ɗaya, Zango Uku, a Ɗan Tsakar Gida

Ka ce tsakar gidanku a Tudun Wada mita 15 ne kacal daga katanga zuwa katanga, kana kuma son eriya ɗaya ta rediyonka na aika magana ta yi maka zango uku: na mita 40, na 20 da na 15. Za ta yiwu, ɗana. Amma ka cire ranka daga G5RV ɗin da ka ƙwallafa rai a kai. Eriya ce mai kyau, Louis Varney na Ingila ya ƙirƙiro ta a 1946, sai dai tsawonta mita 31 ne. Ina za ka kai ta?

Ɗauki biro. Ka raba 143 da megahaz ɗin da kake nema, abin da ya fito shi ne tsawon waya. A megahaz 7.1, na zangon mita 40, za ka samu mita 20 da ɗan ɗoriya, wato goma hagu goma dama. A 14.2 kuwa, na zangon mita 20, biyar-biyar ne. Duka biyun a kan kebul ɗaya mai om 50 za ka haɗa su. Zangon mita 15 kyauta za ka same shi, domin megahaz 21 ɗinsa ninki uku ne na 7, doguwar wayar za ta ɗauke shi.

Na san abin da ke cin ka: yaya waya mai mita 20 za ta shiga fili mai mita 15? Ƙarfin eriya a tsakiyarta yake, nan ne wuta ta fi gudu. Don haka tsakiyar za ka ɗaga. Samo gora mai kauri, ka kafa ta a tsakiyar fili ta kai mita 8, wayoyin su gangaro kamar rufin bukka zuwa sandunan da ke kan katanga, mita 2 da rabi daga ƙasa. Gangaren nan kaɗai zai cinye mita 9 da wani abu. Ɗan ragowar ka karkata shi gefe da igiya, ba abin da zai rage maka. Kada bakin wayar ya taɓa bulo ko kwano, kada kuma hannun yara ya kai, don in kana magana yana ƙuna sosai. Guntun bututun roba na masu gyaran famfo, ka huda shi biyu, ya isa ya raba waya da igiya.

Gajerun ka ware su nesa da dogayen, in da hali su yi giciye. A ƙarƙashin mahaɗa ka naɗa kebul sau 10 a jikin bututu mai inci 4, ka kuma toshe bakinsa da kyau, ruwan Agusta ba ya raga wa kebul.

Kada ka yanke daidai lissafi, bar rarar taƙi biyu. Na taɓa gaggawar datsewa, na kwana ina ƙari da dalma, har yau abin na yi mini ciwo. Fara da doguwar: ka auna SWR, wato awon da ke nuna ko eriya ta daidaita da rediyo, ka lanƙwasa baki kaɗan-kaɗan har ya sauka ƙasa da 2, sannan ka koma kan gajeruwar.

Ka dubi wayar NEPA ta layinku, ka tabbata ko gorar ta faɗi ba za ta kai gare ta ba. Da ka ga hadari ya haɗo, zare kebul daga rediyo. Ranar Asabar ka biya Panteka ka samo wayar tagulla mita 35, zan zo da na'urar awo mu ɗaga ta tare.