Tsatsa ta cinye mazaunin bawul a tof silinda, goga shi da fes zai gyara?

Tambaya: Salam oga. Ina da injin niƙa Lister na gas a Kurna cikin Kano, tun na mahaifinmu ne, ya yi wajen shekara biyu a ajiye. Da muka buɗe tof silinda, wato kan injin da bawul suke ciki, sai muka ga tsatsa ta yi ramuka a mazaunin bawul ɗin hayaƙi. Wani bakanike yace in bashi kwana ɗaya ya goge da girandin fes, man nan mai kaushi na goge bawul, zai koma sabo. Wallahi da injin nan nake so in ciyar da gida kuma bani da kuɗin wani tof, ya zan yi dan Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kwantar da hankalinka, tof ɗin Lister ƙarfe ne mai kauri, da wuya tsatsa kaɗai ta kashe shi. Ina kyautata zaton ruwan damina ne ya bi ta bututun salansa ya sauka, ya tarar da bawul a buɗe ya kwanta a kai.

Amma kar ka ba bakaniken nan ya goga tukuna. Wanke wajen da kananzir da buroshin waya, ka sa farcenka ka bi zagayen. In tabo ne kawai farce baya maƙalewa, to fes mai laushi na minti kaɗan ya isa. In farce yana faɗawa rami, fes bashi da aiki a nan.

Wannan maganar ta fes ita ce kullum nake fama da ita a gareji har na gaji da faɗa. Fes na ƙarasa aiki ne bayan an yanka mazauni, ba a cike rami dashi kuma ba a tone rami dashi. Sai kaga mutum ya zauna tun safe ya lafta mai kaushi, wani ma har ya ɗaura bawul a bakin dirila yana ta juyawa, wajen ya yi fari fes yana ƙyalli yace maka an gama. Abin da ya yi shine ya ci fuskar bawul ɗin ta yi kwari, ya faɗaɗa mazaunin da bai kamata ya wuce milimita 1.5 zuwa 2 ba, bawul kuma ya nutse ciki. Shi injin gas bashi da fulogi, matsin iska ne yake kunna man, to in bawul ya nutse kwamfireshan ya ragu, sai ka yi ta juya handil da safe gumi na zuba, farin hayaƙi kawai yake fitarwa. Sannan yawancin zafin bawul ɗin hayaƙi ta mazaunin nan yake bi ya shiga jikin tof, in bai zauna daidai ba wuta ce zata dinga bi ta ramin tana yankarsa. Watan jiya aka kawo min wani daga wajen Dakata, sati uku da gogawa, gefen bawul ɗin ya ƙone ya yi giɓi kamar ɓera ya gatsa, mai shi tsaye da buhunan masarar mutane a shago bai niƙa ba. Ya biya kuɗin guga ya dawo ya biya na gyara, wannan ai cin amana ne, wanda ya karɓi kuɗin ya san ramin yana nan. Masu cusa gam ko su ɗiga walda da sanda ta gama gari a ƙarfen da ba a gasa ba, su kuma tsaga tof ɗin suke yi.

Kai shi wajen masu borin da yankan ƙarfe, in ka tambaya a Ƙofar Ruwa za a nuna maka. Su fara duba tsaga, musamman tsakanin mazaunan biyu, na iska da na hayaƙi, sannan gaid, wato bututun da sandar bawul take hawa da sauka a ciki, don in bawul yana rawa a gaid duk yankan da aka yi a karkace zai fito. In ramin bai yi zurfi ba su yanka a kan digirin da bawul ɗin yake, yawanci 45 ne. In ya yi zurfi sai a ƙwaƙule wajen a saka zoben sit sabo, wato zoben ƙarfe da zai zama sabon mazauni, wanda ya fi ramin faɗi da kamar milimita 0.1, a ɗumama tof a sanyaya zoben a buga shi ya kama. Ka tsaya a wajen, kar ka yarda a saka mai sako-sako a daddoke gefensa da fonci, ranar da ya faɗo kan fistin har hannun riga, wato bututun da fistin yake gudu a ciki, zai tafi dashi. Bawul kuma sayi sabo.

Kafin a ɗaura, a sa sifirin, a zuba kananzir ta ramin hayaƙi a jira minti 5, in ya jiƙe ta ƙasa a sake. In zaka ƙara ajiye injin, juya filawil, wato babban wilin injin, sai ya yi tauri a kan kwamfireshan don bawul biyun su rufe, ka kifa gwangwani a bakin salansa.