Kufan Rungholt: ƙauyen Jamus da teku ya haɗiye

Tambaya: Malam, na ji labarin wani gari a Jamus mai suna Rungholt, wai teku ya cinye shi a dare ɗaya saboda mutanensa sun yi wa addini izgili, kuma har yau ana jin ƙararrawar cocinsa daga ƙarƙashin ruwa. Shin an taɓa yin wannan gari, ko tatsuniya ce? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, an yi Rungholt, kuma teku ne ya ci shi. Labarin izgilin da na ƙararrawa kuwa daga baya aka ɗora su, kuma ana iya bin sawun yadda aka ɗora.

Wurin yana can ƙuryar arewacin Jamus, a yankin Firisiya ta Arewa cikin jihar Schleswig-Holstein, tsakanin tsibirin Pellworm da Nordstrand, kusa da wani ɗan tsibiri da ake kira Südfall. A wancan zamani yankin yana ƙarƙashin sarautar Denmak. Gaɓar Tekun Arewa a nan tana da wata ɗabi'a da wanda ya tashi nesa da teku zai yi mamakinta: sau biyu a yini ruwa yakan janye ya bar fili na taɓo mai faɗin kilomitoci, har mutum ya taka da ƙafa, bayan 'yan sa'o'i kuma ya dawo ya rufe komai. A ƙarƙashin wannan taɓo kufan yake.

Hujjar farko takarda ce. A ma'ajiyar tarihi ta Hamburg akwai wata wasiyya ta shekarar 1345 da ta ambaci Rungholt, da wata yarjejeniyar kasuwanci ta 1361 tsakanin fataken Hamburg da mutanen gundumar Edomsharde, wadda Rungholt ke cikinta. Watanni kaɗan bayan yarjejeniyar, a daren 15 zuwa 16 ga Janairun 1362, guguwa ta koro teku ta fasa jingar da ke tsare ƙasar. Mutanen gaɓar suna kiran wannan ambaliya Grote Mandrenke, wato babbar nutsewar mutane. Ba Rungholt kaɗai ta ci ba, ta share ƙauyuka masu yawa a gaɓar, ta kuma yi ɓarna har Holan da Ingila.

Hujja ta biyu wani manomi ne ya fito da ita, Andreas Busch, mutumin Nordstrand. Daga 1921 ya riƙa fita taɓon nan kusa da Südfall idan ruwa ya janye, yana zana abin da ya gani: bakunan rijiyoyi, tuddan da aka tara da hannu aka gina gidaje a kansu, katakan ƙofar magudanar ruwa, har da layukan garma a gonakin da aka nome kusan shekara 600 kafin shi. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi taɓa ni a dukkan labarin. Wani ya yi huɗa, yana jiran kaka, ruwa ya zo ya rufe huɗar, ta zauna yadda ya bar ta har wani manomi ɗan'uwansa ya zo ya gane ta. Sannan a watan Mayun 2023 masu binciken kayan tarihi, ciki har da na jami'o'in Kiel da Mainz, suka yi amfani da na'urar auna maganaɗisun ƙasa suka gano jerin irin waɗannan tuddai mai tsawon kusan kilomita 2, da harsashin wani coci mai tsawon mita 40 da faɗin mita 15. Coci mai wannan girma ba na ƙaramin ƙauye ba ne, alama ce ta cibiyar yanki.

Duk da haka kada ki ɗauka birni ne mai ganuwa da benaye. Matsuguni ne na manoma da makiyaya da fatake, gidaje a warwatse bisa tuddai, mutanensa ba su wuce 'yan dubbai ba. Suna da rufin asiri, tun da an tsinci tukwane da tuluna da aka kawo daga yankin kogin Rayin da ma nesa da nan. Kuma daga inda arzikin ya fito, daga nan rabin masifar ta fito.

Ƙasar yankin tana da wani irin ruɓaɓɓen ciyayi da ya daskare a fadama tsawon dubban shekaru, Jamusawa suna ce masa Torf. Wanda ruwan teku ya jiƙa yakan riƙe gishiri. Sai su sare shi, su shanya, su ƙona, su tace tokar da ruwa, su dafa har gishiri ya fito, kusan yadda ake tace ƙasa a dafa gishiri a Dallol Foga. Gishiri a lokacin kuɗi ne, don da shi ake adana kifi da nama. Amma kowane sara yana rage tudun ƙasar. Ga kuma magudanan da suka haƙa don tsane fadama su samu gona, ita kuwa irin wannan ƙasa in ta bushe sai ta lotsa. A hankali filayen da ke bayan jinga suka koma ƙasa da matakin da teku ke kaiwa idan ya ciko. A irin wannan hali in jinga ta fashe, ruwan da ya shiga ba ya fita. Annobar da ta ratsa Turai wajen 1350 ta kuma rage hannayen da ke gyaran jingar. A ganina wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa Rungholt bai farfaɗo ba, alhali wasu wuraren da ambaliyar ta taɓa an koma an zauna.

Yanzu ga almarar. An ce wasu manoma sun bugu a gidan giya, suka ɗura wa alade giya har ta kwanta, suka sa ta a gado suka lulluɓe, suka aika a kira limamin coci wai ga mara lafiya yana gargara, ya zo ya yi masa addu'ar ƙarshe. Da ya gane abin da ke gadon ya ƙi. Suka tare shi, suka ƙwace akwatin gurasar ibada suka kwarara mata giya. Ya tsere zuwa coci ya kai ƙara wurin Allah, da dare aka yi masa ishara ya bar garin, yana fita ruwa ya taso. A wasu ruwayoyin an ce 'yan mata kaɗan da suka tafi ibada wani wuri su ma sun tsira. Ga kunnen Bahaushe labarin ba baƙo ba ne, ya yi kama da ƙissoshin al'ummomin da aka halaka saboda girman kai.

Wanda ya fi yaɗa shi a rubuce shi ne Anton Heimreich, wani fasto da ya wallafa tarihin Firisiya ta Arewa a 1666, shekara 300 bayan abin ya faru. Lura da wanene shi. Yana yaro ambaliyar Oktoban 1634 ta farfasa tsibirin Strand, ta kashe sama da mutum 6,000, ta bar gutsattsarin da suka zama Pellworm da Nordstrand. Jama'ar da yake yi wa wa'azi mutane ne da suka binne 'yan'uwansu suna tambayar me suka yi. Labarin garin da ya yi saɓo aka hukunta shi amsa ce da za su iya riƙewa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai yana ɗora wa mamatan 1362 zunubin da babu takarda ɗaya ta zamaninsu da ta shaida shi. Daga baya, a farkon shekarun 1880, mawaƙi Detlev von Liliencron, wanda ya yi aikin gwamnati a Pellworm, ya rubuta waƙa da ta mai da Rungholt birnin masu dukiya da alfahari, har ya kwatanta shi da Rum. Yawancin abin da Bajamushe na yau ya sani game da wurin daga wannan waƙa ya samo shi.

Ƙararrawa kuwa ba ta Rungholt kaɗai ba ce. Haka ake faɗa game da Dunwich a gabashin Ingila, da Ys a gaɓar Faransa, da Vineta a Tekun Baltik. Kusan duk inda ruwa ya ci gari mai coci, sai ki ji an ce ana jin ƙararrawa idan iska ta kwanta. Na Rungholt an ƙara da cewa duk shekara bakwai garin yakan ɗago sama da ruwa a dare ɗaya na tsakiyar bazararsu.

In Allah ya kai ki yankin, gidan tarihi na garin Husum yana nuna wasu daga cikin kayan da aka tsinto. Ana kuma shiga taɓon da ƙafa zuwa Südfall, amma sai da ɗan jagora, domin ruwan yakan dawo da saurin da baƙo ba zai iya tsere masa ba. Su ma masu binciken sa'o'i kaɗan suke samu tsakanin janyewa da cikowa, kuma igiyar ruwa tana ci gaba da zaizaye wurin. Da yawa daga rijiyoyi da tuddan da Busch ya zana a shekarun 1920 yanzu sai a takardunsa ake ganinsu.